Sharar maganin kemo a ɗakin gwaji: otokilab ya wadatar kuwa?

Ummi_Fifet:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun jiya, na ce bari in kawo shi nan. Wata uku ke nan da na fara aikin digirina na biyu, ina renon ƙwayoyin sankarar mama a faranti, ina ɗiga musu doksorubisin, wani maganin kemo (maganin sankara), in ga yawan da zai kashe rabinsu. Wanda ya koya mini aiki cewa ya yi duk abin da ya taɓa maganin, bakin fifet (bututun ɗiban ruwa) ne, faranti ne, safar hannu ce, in jefa a jakar da muke tara sharar ƙwayoyi, a kai otokilab, injin da ke turara kaya da zafi, daga nan ta bi sauran shara. Ruwan reno kuma, wato ruwan da ƙwayoyin ke girma a ciki, in zuba masa bilic, in ba shi minti 20, in tuttular a sinki in saki famfo. Haka nake ta yi, ban taɓa kawo komai a raina ba. Jiya da na je fito da jakar daga otokilab sai na ga ruwan da ya taru a gindinta ja wur. Shin otokilab yana kashe maganin kemo kuwa? In ba ya kashewa, ina ya kamata sharar nan ta je?

Zee_Lab:
Wa alaikumus salam. Kin tabbata ba jan ruwan renon ba ne? Shi ma ai akwai rinin fenol red a cikinsa, ko babu magani ja za ki gan shi.

Ummi_Fifet:
A'a Anti Zee, na san launin wancan. Wannan ƙaramar robar uwar haɗi ce (haɗin magani mai ƙarfi da ake sirkawa kafin amfani) da na jefa da ɗan saura a gindi, zafi ya buɗe murfin. Ja ne mai ruwan goro.

Dan_Sinadari:
Ƙanwata, kin yi kyan kai da kika tambaya. Kalmar "kashewa" ita ce ta ruɗa wanda ya koya miki. Otokilab tururi ne mai zafin digiri 121, aikinsa ya kashe abu mai rai: bakteriya, bairos, ƙwayoyin da kike reno. Magani ba shi da ran da za a kashe. Sinadari ne, sai dai a wargaza ƙirarsa, kuma ba don wannan aka ƙera otokilab ba. Wani maganin zai ɗan lalace da zafin, wani zai fito kamar yadda ya shiga, kuma babu mai iya ce miki ga abin da ɗan lalataccen ya koma. Abin da ya fi damuna ma shi ne wanda zai buɗe ƙofar injin, tururin ya bugi fuskarsa, sannan cikin injin ya gurɓata ga duk kayan da za a sa bayan naki. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Daga yau ki raba sharar maganin daban, kada ta sake shiga otokilab. Kuma ko da wasa kada abin da aka zuba wa bilic ya shiga can, iskar kulorin yake fitarwa, yana cin ƙarfen injin.

Sarkin_Shakka:
Maganar otokilab na yarda. Amma ta sinki fa, mu daina tsorata yara. Ku yi lissafi: maikuromola 1 (ma'aunin ƙarfin magani a ruwa) na doksorubisin bai wuce miligiram 0.58 a lita guda ba. Sai ta tara sama da lita 170 na ruwan renon kafin ta kai miligiram 100, wanda ake iya ɗura wa babban mutum a zama ɗaya. Majinyacin nan kuma in ya koma gida a ina yake fitsari da bayan gida? Ba duk magudana ɗaya suke bi ba?

Dan_Sinadari:
Lissafinka daidai ne Malam, amma ka ɗauki mai sauƙin ka bar mai wuyar. Abin da ta jefa uwar haɗi ce. In milimola 10 ta haɗa, kamar yadda aka saba, miligiram 5.8 ke nan a kowace mililita. Na asibiti da ke zuwa a narke miligiram 2 ne a mililita. Ka ga robar da ke firizarta ta kusa ninka na asibiti sau uku a ƙarfi. Shi majinyaci kuma an auna amfani da illa aka ba shi, don ransa ake nema. Mai share ɗakin gwaji wane amfani zai samu?

Hajiya_Famasi:
'Yata Ummi, ni a sashen haɗa magani na asibiti na yi yawancin aikina, bari in faɗa miki yadda muke shiga kafin mu taɓa kwalba. Safar hannu biyu, marar hoda, wadda aka rubuta ASTM D6978 a jikin kwalinta, wato an gwada ta da magungunan kemo. Ta ciki tana shiga ƙarƙashin hannun riga, ta waje tana hawa kansa, kada a ga fatar wuyan hannu ko kaɗan. Duk minti 30 a canja, in ta yage ko magani ya ɗiga a kanta a canja nan take. Rigar kuma ba farar nan ta auduga da kuke yawo da ita ba, wannan shanye ruwa take yi ta manna miki shi a jiki. Ana sa wadda ruwa ba ya ratsawa, mai ɗauri ta baya, in an gama a jefar. Takunkumin tiyata ba ya kare numfashi daga garin magani, ado ne kawai a wannan wurin.

Wani abin da mutane ba su sani ba: sabuwar kwalba fil daga kamfani tana iya zuwa da ɓurɓushin magani a bayanta. An sha gwadawa an samu. Don haka tun daga buɗe kwali ake sa safa.

Baba_Tekinishan:
Hajiya, Allah ya ƙara girma. Mu da muka fara aiki da daɗewa da hannu tsirara muke auna waɗannan abubuwa, a kan tebur, fanka na kaɗawa. Ga mu nan dai da ranmu.

Hajiya_Famasi:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, amma waɗanda abin ya taɓa ba sa cikin zauren nan balle su ba da nasu labarin. Illar ba irin ta ƙuna ba ce da za ka gani a ranar. A 1979 masu bincike a ƙasar Finlan suka gwada fitsarin ma'aikatan jinya da ke haɗa waɗannan magunguna, suka tarar yana ɗauke da abin da ke jirkita ƙwayoyin gado. Daga nan idon duniya ya buɗe. Hukumar IARC, mai binciken sankara ta duniya, ta sa saikulofosfamaid da melfalan da busulfan da tayotefa a rukuni na 1, wato tabbas suna jawo sankara ga ɗan Adam. Doksorubisin da sisfilatin suna rukuni na 2A, mai bi masa. Maganin sankara da kansa yana haifar da sankara, don aikinsa ke nan, ɓata ƙwayar gado, kuma bai san ta majinyaci da ta ma'aikaci ba.

Tsohon_Dalibi:
Ai asalin abin ma daga gubar yaƙi ne. Ɗan uwan iskar mastad da aka yi amfani da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya shi aka fara ɗura wa mai sankara a Jami'ar Yel ta Amurka a 1942. Na faɗa ne kawai don tarihi.

Baba_Tekinishan:
To Hajiya, na karɓi gyara. Kuma tunda an zo nan bari in faɗi abin da na gani da idona, wanda shi ya sa daga baya na daina wasa da abin, ko da bakina bai daina ba. Akwai dattijon da ke kwashe mana shara a wani wuri da na yi aiki. Wata safiya na shigo da wuri na same shi ya sa tafin hannu yana danna jakar shara don ta ƙara ɗaukar kaya, babu safa babu komai. Iskar jakar ta huro masa a fuska. Da ya ɗago hannu sai ga jan ruwa a tsakanin yatsunsa, ya goge a tsumman da ke aljihunsa na baya, tsumman da yake goge tebura da hannun ƙofa da shi. Na tambaye shi ko ya san mene ne, ya ce ai jan tawada ce ta 'yan makaranta. Shekara da shekaru yana wannan aiki babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce masa ga abin da ke cikin jakar. Mu masu digiri mun sa safa mun zubar, mun tafi gida.

Maman_Hanif:
Innalillahi. Baba wannan labari ya taɓa ni. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a nan wani ya ja, wani ya sha dukan.

Zee_Lab:
Komawa kan safar hannu, wane ruwa kike narkar da maganin da shi, Ummi? In DMSO ne ki ƙara kula. Shi wannan ratsa fata yake yi, ya ja abin da aka narkar a cikinsa ya shiga da shi, kuma siririyar safar naitiral ba ta daɗewa a gabansa. Ɗigo ɗaya ya sauka, cire ki canja, kada ki ce bari in ƙarasa wannan layin.

Dan_Sinadari:
Gaskiya ne. Duk mai ganin safa safa ce ya nemi labarin Farfesa Karen Wetterhahn ta Kwalejin Datmos a Amurka. A 1996 ɗigon wani sinadarin makuri ya sauka a kan safarta ta letes, ya ratsa cikin daƙiƙu, a 1997 ta rasu. Ba maganin kemo ba ne, amma darasin ɗaya ne: kowace safa da abin da take iya tarewa. A cikin na kemo, karmustin da tayotefa su suka fi saurin ratsawa.

Sannan tunda an ambaci DMSO, masu aiki da sisfilatin ku daina narkar da shi a ciki. Yana ɗaure ƙarfen filatinam da ke cikin maganin ya kashe ƙarfinsa, ku yi ta mamakin me ya sa ƙwayoyinku suka ƙi mutuwa. Ruwan gishiri na kashi 0.9 ake amfani da shi. Kuma kada ya haɗu da alminiyam, baƙi yake yi ya kwanta.

Sadiq_PhD:
Kai! Wata shida ina fama da sisfilatin a DMSO, sakamako ya ƙi daidaita. Malam Dan_Sinadari, Allah ya biya ka. Yau ba zan yi barci ba.

Kawu_Injiniya:
Ni gyaran kabinet ɗin aiki nake yi, akwatin nan mai tace iska da ake aiki a cikinsa, kuma abin da nake gani ya isa. Ummi, a wane iri kike buɗe maganin? In irin teburin nan ne mai huro iska daga bango zuwa ƙirjinki, to samfurinki yake karewa, ke kuma yana feso miki duk abin da ke ciki. Wannan bai halatta da kemo ba sam. Kabinet aji na 2 ake so. A cikinsa ma akwai bambanci: nau'in A2 yana maido da kusan kashi 70 na iskar cikin akwatin, ragowar in ba a haɗa shi da bututu ba cikin ɗaki take komawa. Nau'in B2 duka yake fitarwa waje. Matatar iskar kabinet, wato HEPA, ƙura da feshi take kamawa, ba ta kama abin da ya zama tururi, kuma akwai magunguna irin su karmustin da saikulofosfamaid da kan ɗan tashi. In gari za ki auna, akwatin zuƙe hayaƙi ko kabinet mai bututu zuwa waje.

Roƙona ɗaya: in kun kira mu canjin matata, ku gaya mana abin da kuka yi a ciki. Hayaƙin da muke turawa kafin mu buɗe ƙwayoyin cuta yake kashewa, ba ya taɓa magani. Matatar kanta sharar kemo ce.

Zee_Lab:
Auna gari ma in da hali a bar shi. Garin nan tsalle yake yi ya manne a cokali da safa. Ki sayi ƙaramar kwalba da aka riga aka auna, ki zuba ruwan narkarwa a cikinta kai tsaye, ki rarraba a ƙananan robobi, kowace da suna da kwanan wata da alamar haɗari.

Ni ma na taɓa yin wauta. Roba ta suɓuce mini ta fashe a bakin kabinet, na ɗauko giyar gogewa ta kashi 70 na fesa na goge, wai na tsaftace. Ashe shimfiɗa shi na yi a ko'ina. Ita ƙwayar cuta take kashewa, ba ta wargaza magani. Daga baya aka koya mana: a hana mutane wucewa, a sa kayan kariya, a rufe ruwan da abin tsotsewa, in gari ne a lulluɓe da jiƙaƙƙen ƙyalle kada ya tashi, a kwashe daga gefe zuwa tsakiya, gilashi da abin kamawa ba da yatsa ba. Sai bilic, sai tayosalfet don kada bilic ya ci ƙarfen, sai sabulu da ruwa, giyar tana zuwa a ƙarshe. In ya taɓa fata, sabulu da ruwa mai yawa. In ido ne, minti 15 ana wankewa, sannan a je a ga likita a kuma rubuta rahoto.

Ranar horon an ba mu ruwan fuloresin a madadin magani muka yi aiki da shi, aka kashe wuta aka haska fitilar UV. Biro na, hannun firiji, gefen tabarau, har bayan wayata, duk suna walƙiya kore. Ni da nake ganin na fi kowa tsafta.

Mai_Beraye:
Ba a yi maganar dabbobi ba. In kun yi wa ɓera allurar kemo, fitsarinsa da kashinsa da shimfiɗar kejin duk suna ɗauke da maganin, aƙalla awa 48 zuwa 72, wasu magungunan har mako. A manna takarda a jikin keji da sunan magani da ranar allura. Kada a zazzage shimfiɗar a fili, ƙurarta ce matsalar. Gawar ma ƙonawa ake yi. Kuma a yi amfani da sirinji mai allurar da ake murɗawa ta kulle, kada a mayar da murfin allura. Ɓera ya motsa, allura ta shiga yatsa, doksorubisin kuwa cin nama yake yi in ya shiga ƙarƙashin fata.

Maman_Hanif:
Don Allah Hajiya, mai juna biyu fa? Wata ƙawata ce take aiki da metotireksat, cikin bai kai wata biyu ba, tana jin nauyin gaya wa shugabanta.

Hajiya_Famasi:
Ki ce mata ta ajiye kunya ta faɗa gobe-goben nan. Metotireksat yana cikin waɗanda aka fi sani da zubar da ciki da nakasa jariri, kuma watanni ukun farko su ne lokacin da gaɓoɓi ke haɗuwa. Ba sai ta tsaya dogon bayani ba, ta nemi a ba ta wani aikin da ba ya haɗa ta da maganin, ta kuma gaya wa likitanta sunan abin da take taɓawa. Haka mai shayarwa, haka masu neman haihuwa, har da maza.

Abu_Tsaro:
Mun yi nisa, bari in dawo da mu kan tambayar Malama Ummi: ina sharar za ta je? Littafin Hukumar Lafiya ta Duniya kan sharar kiwon lafiya, bugu na biyu na 2014, bai ɓoye komai ba. Ba a zuba ta a magudana, ba a kai ta juji. Ko a mayar wa wanda ya sayar, ko a ƙona a injin ƙona shara mai ɗaki biyu da zafinsa ke iya kaiwa digiri 1200, ko a wargaza da sinadari ta hanyar da aka tabbatar. Ƙaramin injin da ba ya kai wannan zafi, ko ƙonawa a rami, watsa gubar yake yi a iska.

A aikace: mazubi mai tauri, mai murfi, wanda ba ya yoyo, a ajiye shi a inda ake aikin. Allurai da fasassun gilasai a nasu akwatin na kemo daban. Ruwa a jarka mai suna. Launi ya danganta da ƙasa. A Birtaniya da Ostireliya shunayya ce alamar. A Amurka rawaya ce ga abin da ya ɗan taɓa magani, baƙi ga mai sauran magani sosai, kuma ma'auninsu shi ne in abin da ya rage ya wuce kashi 3 cikin 100 na nauyin abin da kwalbar ke ɗauka, ba a kiran ta fanko. Robar da kika jefa, Malama, in a can ne baƙin mazubi za ta shiga. Ki bi launin da wurin aikinki ya tsayar, muhimmin abu kowa har mai shara ya san ma'anarsa.

Sarkin_Shakka:
Malam Abu, duk wannan a takarda yana da daɗi. Inda babu injin digiri 1200 fa? A tara jarkoki har su cika ɗaki? Ni har yanzu ina kan bakana game da ruwan reno mai ɗan kaɗan. Kuma dokokin da ake yawan jawo mana, ƙa'idar USP 800 ta Amurka da jerin magunguna masu haɗari na hukumar NIOSH ta can da aka fara fitarwa a 2004, don wuraren kula da majinyata aka rubuta su.

Abu_Tsaro:
Don asibiti aka rubuta, gaskiya ne, amma maganin bai san a wane gini yake ba. Inda babu injin, littafin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ambaci mafita ta ƙarshe: a zuba a ganga har kashi uku cikin huɗu, a cike da siminti, a rufe, a binne a wurin da aka keɓe. Akwai kuma murhun masana'antar siminti, zafinsa ya wuce abin da ake nema, in hukuma ta amince. Kafin duk wannan, a rage abin da ake saye da abin da ake haɗawa.

Dan_Sinadari:
Zan ɗan ba Sarkin_Shakka gaskiya a wuri ɗaya. Doksorubisin yana cikin waɗanda bilic ke wargazawa da gaske, in bilic ɗin mai ƙarfin kusan kashi 5 ne kuma aka ba shi kamar awa guda. IARC ta wallafa irin waɗannan hanyoyi tun 1985. Amma dubi yadda ake yi a zahiri: bilic ɗin da ya yi watanni a buɗe ya rasa ƙarfi, an tsiyaya shi da ka babu awo, furotin ɗin da ke cikin ruwan reno ya cinye rabinsa, minti 20 an tuttular. Ɓacewar launi ba shaida ba ce. Sannan babu sinadari guda da ke aiki a kan duka magungunan, wasu in aka yi musu ba daidai ba abin da ke fitowa ma yana jirkita ƙwayar gado. Sisfilatin da maganin kemo mai asenik kuwa, ko me ka zuba, filatinam da asenik suna nan daram.

Sarkin_Shakka:
To ka ga mun kusa haɗuwa. A rubuta hanya, a auna bilic, a ba shi awa guda, ruwan reno na doksorubisin ya tafi. Uwar haɗi a tara.

Abu_Tsaro:
Ni ban sa hannu ba. Yau doksorubisin ne, gobe wani ɗalibi zai zuba sisfilatin a jarkar ya ce ai haka ake yi. Doka ɗaya ta fi sauƙin bi: ya taɓa kemo, ba ya ganin sinki.

Ummi_Fifet:
Na gode ƙwarai iyayena da yayyena. Na duba, kabinet ɗinmu A2 ne kuma babu bututu a kansa, safar da muke sawa kuma babu wannan lambar a kwalinta. Yau na samo jarka na rubuta mata suna, na ware mazubi mai murfi, na kuma buga takardar SDS, mai bayanin haɗarin maganin, zan kai wa malamina gobe. Matar da ke kwashe mana shara ma na tsayar da ita na nuna mata wanda ba za ta taɓa ba. Ruwan renon dai ina tarawa tukuna har a yanke hukunci. Abin da ban sani ba yanzu, shi otokilab ɗin da wannan ruwa ya zuba a cikinsa, yaya za a yi da shi? Tun jiya mutum biyu sun sa kayansu a ciki.

Kawu_Injiniya:
Ki manna takarda a ƙofarsa yanzu kada kowa ya sake kunnawa, ki gaya wa mutum biyun. Jakar a kan tire take ko a kan ƙarfen kai tsaye? Kuma bilic kada ya kusanci cikinsa kafin mai gyara ya gani.

Ummi_Fifet:
A kan tire take, Kawu. Amma tiren na riga na wanke shi a sinki.